Wa Ya Faɗa, Kuma a Ina Ya Samo? Tambayoyi da Amsoshi Ga Ɗalibi Mai Bincike

Waɗannan tambayoyi ne da ɗalibai suke yawan yi idan lokacin aikin jinga ko kundin kammala karatu ya ƙarato. Wasu amsarsu ba ta wuce 'yan layuka ba, wasu kuwa sai an zauna.

Tunda komai yana intanet, mene ne abin koyo a neman bayani?

Samun bayani ya daina zama matsala. Abin da ya rage shi ne sanin wanda za a ɗauka da wanda za a zubar, kuma iya sarrafa waya ba ya koya wa mutum wannan. A shekarar 2016 wasu masu bincike a Jami'ar Stanford ta Amurka sun fitar da sakamakon gwajin da suka yi wa ɗalibai, inda suka tattara amsoshi 7,804. A wani ɓangare na gwajin an nuna wa yaran ƙaramar sakandare shafin farko na wata jaridar intanet, sai fiye da kashi 80 cikin ɗari suka ɗauki talla a matsayin labari, alhali an rubuta a jikinta cewa biya aka yi aka saka ta. Yara ne da suka tashi da na'ura a hannu. Yatsa ya ƙware, ido bai ƙware ba.

Ba sabon zance ba ne. Tun 1974 Paul Zurkowski ya rubuta rahoto a Amurka yana kira da a koya wa jama'a wannan ƙwarewa, a 2005 kuma wani taro da UNESCO ta shiga shiryawa a Iskandariyya ya bayyana ta a matsayin haƙƙin ɗan Adam a zamanin na'ura. Abin da ake nufi a taƙaice: ka san bayanin da kake buƙata, ka iya nemo shi, ka iya auna shi, sannan ka yi amfani da shi bisa amana.

Daga ina zan fara?

Daga tambaya. Wanda ya shiga bincike da take kawai, kamar "sauyin yanayi" ko "tarbiyyar yara", zai wuni yana tara takardu ya kwana bai san abin da zai yi da su ba. Ka matse taken har ya zama tambayar da za a iya amsawa: wane ɓangare, a kan su wa, a wane lokaci? Daga nan ka fitar da muhimman kalmomi uku ko huɗu, ka nemi makamantansu, domin ba lalle ne masana fannin su kira abin da sunan da kai ka saba ba. Idan ka dace da maƙala ɗaya mai kyau, ka duba kalmomin da marubucinta ya jera a ƙasan tsakure, ka kuma bi manazartarsa. Maƙala ɗaya ta ƙwarai takan kai ka ga goma.

Ta yaya zan gane shafin intanet abin dogaro ne?

Ka fita daga shafin. Wannan ita ce shawarar da na fi so ɗalibi ya riƙe, kuma ita ce ta fi saɓa wa abin da muka saba.

Sam Wineburg da Sarah McGrew, su ma na Stanford, sun fitar da wani nazari a 2017. Sun zaunar da mutum 45 a gaban kwamfuta: malaman tarihi 10 masu digirin digirgir, ƙwararrun masu tantance labarai 10, da ɗaliban jami'ar 25. Aka ba su rubutu biyu a kan cin zali a makarantu, ɗaya daga ƙungiyar likitocin yara ta American Academy of Pediatrics, ɗayan daga American College of Pediatricians. Sunayen sun yi kama, tamburan duka na alfarma. Amma ta farkon an kafa ta tun 1930, mambobinta sun haura dubu sittin, ta biyun kuwa ƙaramar ƙungiya ce mai mambobi 'yan ɗaruruwa da ta ɓalle a 2002.

Ɗaliban sun tsaya a cikin shafin suna hawa da sauka, suna duba tsari da tambari da kyawun rubutu, mafi yawansu suka zaɓi ƙaramar ƙungiyar. Wasu daga cikin malaman tarihin ma sun rikice. Masu tantance labarai kuwa ba su daɗe a shafin ba. Sun buɗe wani shafin a gefe, suka rubuta sunan ƙungiyar, suka karanta abin da wasu suke faɗa a kanta, sannan suka dawo. Dukkansu sun gane bambancin, kuma sun riga kowa gamawa.

Ba ana cewa duk ƙaramar ƙungiya maƙaryaciya ce ba. Abin lura shi ne ɗaliban sun yanke hukunci ba su san mai maganar ba. Sashen da shafi yake ba da tarihin kansa, mai shafin ne ya rubuta, babu kuma wanda zai rubuta aibinsa da hannunsa. Haka adireshin da ya ƙare da .org: kowa yana iya yin rajistarsa, ba shaidar komai ba ce. Minti biyu da za ka kashe kana tambayar intanet "su wane ne waɗannan?" sun fi rabin sa'a kana nazarin rubutunsu.

An ba mu jerin tambayoyin da za mu riƙa yi wa kowace majiya. Ke nan ba su da amfani?

Suna da shi. Wanda ya fi shahara shi ne CRAAP, wanda Sarah Blakeslee, ma'aikaciyar laburare a wata jami'ar Kalifoniya, ta tsara a 2004. Yana tambayar lokacin da aka wallafa abu, dacewarsa da aikinka, cancantar marubucin, ingancin bayanin, da manufar yin sa. Tambayoyin daidai suke. Inda ake kuskure shi ne neman amsarsu a cikin shafin da ake tuhuma. Shi ya sa Mike Caulfield ya fito da wani tsarin mai suna SIFT a 2019: ka dakata, ka binciki majiyar, ka nemi inda aka fi kawo zancen da kyau, ka bi iƙirarin har asalinsa.

Malaminmu ya ce kada ya ga Wikipedia a manazarta. Ƙarya ce a ciki?

Mafi yawan abin da ke cikin manyan shafukanta daidai ne. A 2005 mujallar Nature ta sa masana su duba batutuwan kimiyya 42 a Wikipedia da kundin Britannica, suka sami kurakurai 162 a ta farko, 123 a na biyu. Britannica ta yi jayayya da yadda aka yi gwajin, amma dai ya nuna tazarar ba ta kai yadda ake zato ba.

Duk da haka malaminku yana da gaskiya. Kowa yana iya gyara shafin, abin da ka gani yau yana iya sauyawa gobe, sannan ita kanta Wikipedia ba ta ɗauki kanta majiya ba, taƙaita abin da wasu suka wallafa take yi. Ka shiga don fahimtar batu da sanin sunaye da shekaru. Ka gangara ƙasa ka buɗe manazartar, ka karanta ta da kanka, ita za ka ambata. Shafin da ba shi da manazarta sosai, ko aka liƙa masa gargaɗi a sama, ka yi taka-tsantsan da shi.

Me ya sa ake matsa mini in nemo ainihin maƙalar? Ai littafin da na karanta ya riga ya faɗi abin da ke ciki.

Saboda magana tana sauyawa a hanya, ko da a hannun masana.

A watan Janairun 1980 mujallar likitanci ta New England Journal of Medicine ta buga wata wasiƙa mai jimla biyar daga Jane Porter da Hershel Jick na Boston. Sun ce cikin marasa lafiya 11,882 da aka ba magungunan kashe zafi masu ƙarfi, irin dangin mofin, huɗu kawai aka samu sun kamu da jarabar maganin. Marasa lafiyar nan a kwance suke a asibiti, ana ba su magani ƙarƙashin kulawa. Wasiƙar ba ta yi magana a kan wanda zai tafi da maganin gida ya yi watanni yana sha ba.

Sai aka fara ambatonta. Wannan ya ɗauka daga wancan, wancan daga na gabansa, har wasiƙar jimla biyar ta koma "babban nazari" a bakin wasu. A 2017 wasu masu bincike a Kanada suka bi sawu, suka tarar an ambace ta sau 608. Kusan kashi 72 cikin ɗari na masu ambaton sun kafa hujja da ita cewa kamuwa da jarabar waɗannan magunguna abu ne mai wuya, kuma kusan kashi 81 ba su faɗi cewa marasa lafiyar a asibiti suke ba. A tsakanin shekarun nan ne annobar shan waɗannan magunguna ta ci rayukan dubban ɗaruruwan mutane a Amurka. Wasiƙar ba ita kaɗai ce sila ba, amma an yi amfani da ita wajen kwantar da hankalin likitoci. Karanta ta ba ya cin minti ɗaya.

Wanda ya taɓa zama gaban malaman hadisi ba zai ga wannan baƙon abu ba. Su ma tambayarsu ke nan: daga wa ka ji, shi kuma daga wa, kuma yaya amanarsa da haddarsa? An ruwaito Abdullahi ɗan Mubarak yana cewa ba don isnadi ba, da kowa ya faɗi abin da ya ga dama. Manazarta ita ce isnadin aikinka. Idan ka nemi asalin ka rasa, ka faɗi gaskiya: ka rubuta cewa wane ya ce, kamar yadda wane ya kawo. Dukkan manyan tsare-tsaren rubuta manazarta sun tanadi yadda ake yin haka.

Idan maƙala ta fito a mujallar ilimi, ba shi ke nan ba?

Ta tsallake wani shinge mai muhimmanci. Kafin mujalla ta ƙwarai ta buga maƙala, edita yakan aika ta ga masana biyu ko uku na fannin, su duba hanyar binciken da hujjojin, su ce a karɓa, a gyara, ko a mayar. Wannan yana tace shirme da yawa. Sai dai masu dubawar ba sa sake yin gwajin, galibi ma ba sa ganin ɗanyun bayanan. Sun dogara ne da amanar marubucin.

A 1998 mujallar The Lancet, wadda tana cikin mafiya daraja a likitanci, ta buga maƙalar Andrew Wakefield da ta alaƙanta rigakafin ƙyanda da cutar galahanga (autism), bisa nazarin yara 12 kacal. Manyan bincike da suka biyo baya a kan dubban ɗaruruwan yara ba su sami alaƙar ba. An janye maƙalar a watan Fabrairun 2010, aka kuma soke sunan marubucin daga rajistar likitocin Birtaniya a shekarar. Shekara goma sha biyu tana nan a matsayin maƙalar da masana suka tantance.

Janye maƙala ba ƙaramin al'amari ba ne yanzu: a 2023 kaɗai an janye fiye da 10,000. Abin takaici, maƙalar da aka janye takan ci gaba da yawo, domin kwafin da wani ya sauke tun da daɗewa ba ya ɗauke da sanarwar. Don haka duk maƙalar da aikinka ya jingina da ita sosai, ka buɗe ta a shafin mujallar da kanta ka ga ko an liƙa mata sanarwa, ko ka nemi takenta a rumbun Retraction Watch, wanda ake shiga kyauta. Manhajar Zotero, mai adana manazarta, ma tana yi wa irin waɗannan jan tambari idan suna cikin tarinka.

Na ji ana cewa akwai mujallun bogi. Yaya suke?

Mujallu ne da suke karɓar kuɗi daga marubuci su buga masa komai ba tare da tantancewa ba. Ɗan jaridar kimiyya John Bohannon ya gwada su a 2013. Ya haɗa maƙalar ƙarya a kan wani maganin ciwon daji, ya cika ta da kurakuran da duk masani zai gani, ya aika wa mujallu 304. Guda 157 suka karɓa.

Alamominsu: alkawarin bugawa cikin 'yan kwanaki, suna mai kama da na sananniyar mujalla, mujalla ɗaya tana buga injiniyanci da adabi da likitanci a fitowa guda, editocin da idan ka neme su a shafin jami'arsu ba za ka ga sun ambaci mujallar ba. Ka duba ko tana cikin rumbunan da suke jera mujallun da aka tantance, kamar DOAJ, ko Scopus, ko Web of Science, kuma ka duba a shafin waɗannan rumbunan, kada ka yarda da tambarin da mujallar ta manna wa kanta. Karɓar kuɗin bugawa shi kaɗai ba laifi ba ne, akwai mujallu nagari da suke yi don kowa ya karanta kyauta.

Google Scholar ya wadatar?

Injin neman maƙalun ilimi ne, kuma wuri ne mai kyau na farawa, amma yana kwaso komai: maƙalu nagari, na bogi, kundayen digiri, da rubuce-rubucen da ba a kai ga tantancewa ba, irin waɗanda ake ɗorawa a arXiv. Yawan ambaton da aka yi wa maƙala ma ba shaidar inganci ba ne, wataƙila masu sukar ta ne suka yi yawa. Ka haɗa shi da rumbun fanninka, kamar PubMed ga lafiya ko ERIC ga ilimi.

Idan an kulle maƙala sai an biya, kada ka yi saurin haƙura. Ka tambayi ma'aikacin laburare, domin makarantu da yawa suna da rajistar rumbunan da ɗalibansu ba su ma san da su ba. Ka gwada Unpaywall, mai nemo halastaccen kwafi na kyauta. Ko ka rubuta wa marubucin 'yar gajeruwar wasiƙa cikin ladabi. Da yawansu suna jin daɗin aikowa.

Zan iya amfani da ChatGPT da makamantansa?

Da farko ka san dokar makarantarku da ta malamin darasin, domin sun bambanta. Inda aka yarda, suna taimakawa wajen fahimtar abu mai sarƙaƙiya, fitar da kalmomin nema, ko jin ta inda za a soki hujjarka. Amma ka fahimci yadda suke aiki: suna jera kalmomin da suka fi dacewa su biyo juna ne, bisa ɗimbin rubutun da aka horar da su da shi. Saboda haka suna iya ƙera maka manazarta mai sunan masani na gaske, da mujalla ta gaske, da shekara da lambar shafi, alhali maƙalar ba a taɓa rubuta ta ba. Kuma da murya ɗaya suke faɗin gaskiya da ƙarya, babu inda-inda.

A watan Yunin 2023 wani alƙali a New York ya ci tarar wasu lauyoyi dala 5,000 bayan sun gabatar da takarda mai ɗauke da hukunce-hukunce shida da ChatGPT ya ƙirƙira. Ɗaya daga cikin lauyoyin har ya tambayi manhajar ko hukunce-hukuncen na gaske ne, ta ce masa e. Kuskuren ɗaliban Stanford ke nan a sabuwar siga: neman shaidar majiya a bakin majiyar.

Duk manazartar da na'ura ta ba ka, ka nemo ta. Idan tana da lambar DOI, wadda take farawa da 10 da ɗigo, ka saka ta a doi.org ka ga inda za ta kai ka. Idan ta kai ka ga maƙalar, ka karanta ka tabbatar ta faɗi abin da aka ce ta faɗa. Ko manhajojin da suke haɗe da intanet suna nuna majiya, sukan jingina wa shafi maganar da ba ta cikinsa.

Shin duk majiyar da take da ra'ayi ko wata manufa zan jefar?

Da haka ne da babu abin da zai rage. Kowane marubuci yana da inda ya tsaya. Abin nema shi ne ka san inda ya tsaya, da wanda ya ɗauki nauyin aikin, sannan ka auna. A 2016 aka gano daga tsofaffin takardu cewa wata gidauniyar masana'antun sukari a Amurka ta biya wasu masanan Harvard kuɗi suka rubuta bitar da ta fito a 1967, wadda ta rage wa sukari laifi a ciwon zuciya ta ɗora wa kitse. Ba a bayyana biyan a lokacin ba. Yau mujallu da yawa suna tilasta bayyana mai ɗaukar nauyi, yawanci a ƙarshen maƙala da ƙananan haruffa. Ka riƙa karanta wurin.

Akwai kuma son zuciyar da ya fi wuyar gani, wato naka. Idan ka rubuta tambayarka a sigar amsar da kake so, injin nema zai kawo maka masu goyon bayanka. Ka ware lokaci ka nemi mafi ƙarfin hujjar da ta saɓa maka. Kundin da ya kawo ta ya amsa ta ya fi wanda ya ɓoye ta ƙarfi, kuma ranar kare kundi ita za a fara tambayarka.

Alƙaluma da hotuna fa?

Ga kowane adadi ka tambayi wanda ya ƙirga, yaushe, mutum nawa, kuma yaya aka zaɓo su. "Kashi 60 cikin ɗari" na mutum goma, mutum shida ne. Idan aka ce haɗarin wani abu ya ninka biyu, ka nemi asalin adadin: daga 1 cikin 10,000 zuwa 2 cikin 10,000 ninki biyu ne, daga 20 cikin 100 zuwa 40 cikin 100 ma ninki biyu ne. Abu biyu su tashi tare kuma ba ya nufin ɗaya ne ya jawo ɗayan.

Hoto kuwa, sau da yawa na gaske ne, labarin da aka liƙa masa ne na ƙarya. Ka saka shi a Google Lens ko TinEye ka ga inda ya fara fitowa da shekarar.

Tsohon littafi yana da amfani, ko sai na shekaru biyar da suka wuce?

Ya danganta da fanni. A likitanci da fasahar kwamfuta, shekara goma tana iya mayar da bayani tsohon yayi. A tarihi da adabi da falsafa, aikin shekara sittin yana iya zama ginshiƙin da ba a wuce shi ba, takardar da aka rubuta a zamanin da kake nazari kuma ita ce majiyarka ta farko. Ka bi ƙa'idar sashenku, amma ka san dalilinta.

Majiyoyi biyu nagari sun saɓa wa juna. Wacce zan bi?

Kada ka zaɓi wadda ta yi maka daɗi ka yi shiru a kan ɗayar. Ka duba ko abu ɗaya suka auna, a kan mutane iri ɗaya, a lokaci ɗaya, da ma'ana ɗaya. Sau tari a nan saɓanin yake warwarewa. Idan bai warware ba, ka nemi maƙalar bita da ta tattara nazarce-nazarcen fannin ta auna su, irin waɗanda Cochrane take fitarwa a harkar lafiya. Idan har yanzu masana ba su daidaita ba, ka rubuta hakan, ka faɗi ɓangaren da ka fi karkata da dalilinka.

Yaya zan kauce wa satar fasaha ba da niyya ba?

Yawancinta a wurin ɗaukar bayani take farawa. Ɗalibi ya kwafo sakin layi ya ajiye da niyyar gyarawa, bayan wata biyu ya manta ba nasa ba ne. Tun ranar farko ka raba abu uku a littafinka ko fayil ɗinka: maganar marubuci kalma da kalma, a cikin alamar zance tare da lambar shafi, taƙaitawarka ta maganarsa, da tunaninka na kanka. Ka ba kowanne launi ko alama dabam.

Sauya kalmomi biyu-uku a jimlar wani ba sake faɗa ba ne. Ka karanta, ka rufe littafin, ka rubuta abin da ka fahimta, sannan ka buɗe ka gwada ko ka karkatar da ma'anar. Ko da kalmomin sun zama naka, ra'ayin nasa ne, sai ka ambace shi. Ka rubuta cikakken bayanin kowace majiya a lokacin da take gabanka: marubuci, shekara, take, mujalla ko maɗaba'a, shafuka, da DOI idan akwai. Zotero kyauta ne, yana adana waɗannan ya kuma jera su a tsarin APA ko MLA ko Chicago, sai dai ka duba abin da ya fitar, domin yakan kwaso kuskure daga shafin da ya ɗauko. Idan majiyar shafin intanet ce, ka rubuta ranar da ka buɗe shi, ka kuma adana kwafinsa a Wayback Machine, saboda shafuka suna sauyawa ko su ɓace kafin mai duba aikinka ya je nema.